Yadda Kamfani Zai Haɗa Rahoton Ɗorewa Tare da Rahoton Kuɗi: Jagora ga Masu Masana'antu da Akantocin Zariya

Duk kamfanin da ke da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya saba da hidimar ƙarshen shekara, lokacin da akanta zai rufe littattafai, a ƙirga abin da ya rage a sito, odita ya zo ya duba, sannan a miƙa sakamakon ga daraktoci da hukumar haraji da bankin da ke bin kamfanin bashi. Wannan shi ne rahoton kuɗi, kuma tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suke shirya shi bisa ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya da ake kira IFRS, sauran kuma suka biyo baya a 2013 da 2014. Yanzu an zo da wani rahoton da zai zauna kusa da shi, wato rahoton ɗorewa, wanda ke bayyana yawan makamashi da ruwan da kamfani ke sha, da hayaƙin da yake fitarwa, da halin da ma'aikatansa ke ciki, da irin haɗarin da sauyin yanayi ke iya jawo wa kasuwancinsa nan gaba.

A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na COP26 da aka yi a birnin Glasgow na Birtaniya, Gidauniyar IFRS ta sanar da kafa hukumar ISSB domin tsara ƙa'idojin wannan rahoto, kuma a watan Yuni na 2023 hukumar ta fitar da biyu na farko, IFRS S1 wadda ta shimfiɗa dokokin aikin baki ɗaya, da IFRS S2 wadda ta keɓanta ga sauyin yanayi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara karɓar su. A 2024 hukumar FRC, mai sa ido kan rahotannin kuɗi a ƙasar nan, ta fitar da jadawalin da ya bar aikin a matsayin ganin dama daga 2024 zuwa 2027, ya wajabta shi daga 1 ga Janairu 2028 a kan manyan kamfanonin da jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu, irin su bankuna da kamfanonin inshora da na kasuwar hannun jari, sannan ya sanya 2030 ga ƙanana da matsakaita.

Mai injin casar shinkafa ko matsar man waken soya a Dakace, ko mai kamfanin abincin kaji a hanyar Kano, zai iya cewa 2030 da sauran lokaci. A ganina tambayar za ta iso ƙofarsa kafin doka ta iso. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya ɗora wa bankuna wasu ƙa'idoji tara da suka buƙaci su duba illar muhalli da ta jama'a a harkokin da suke ba rance, kuma babban kamfanin da ke sayen kayansa, idan lokacin bayyana hayaƙinsa ya yi, dole ne ya nemi adadi daga masu kawo masa kaya. Wanda ba shi da amsa a rubuce zai tarar an fifita wanda ke da ita.

Inda rahotannin biyu suka bambanta

Bambanci na farko yana ga ma'auni, kuma shi ne ya fi wahalar da akantoci. Rahoton kuɗi yana mayar da komai naira, daga gini da mota har zuwa buhun masarar da ke sito, kuma tsarin shigar da kowace ma'amala a ɓangare biyu yana sa littafi ya tona kuskurensa da kansa, domin idan ɓangarorin ba su yi daidai ba akanta ya san akwai abin da ya ɓace, ba zai kuma tashi ba sai ya gano shi. Rahoton ɗorewa yana magana da lita da kilowat da tan da awoyin aiki da adadin mutane, waɗanda ba a haɗa su wuri guda a fitar da jimla ɗaya, kuma babu wani ɓangare na biyu da zai nuna an yi kuskure. Idan mai kula da janareta ya rubuta lita 900 maimakon 90, babu abin da zai motsa a littafi. Saboda haka duk tsaron da rahoton kuɗi ke samu daga tsarinsa, a rahoton ɗorewa sai an gina shi da hannu, kuma yawancin abin da wannan jagora ta ƙunsa bayani ne kan yadda ake gina shi.

Na biyu lokaci ne. Rahoton kuɗi yana ba da labarin watanni goma sha biyu da suka wuce, shi kuwa na ɗorewa ana so ya faɗi abin da ya faru, ya kuma dubi abin da ka iya faruwa a kusa da matsakaicin zango da nesa. Na uku kuma iyaka ce, domin lissafin kuɗi yana tsayawa kan abin da kamfani ya mallaka ko yake iko da shi, amma na ɗorewa yana fita ƙofar masana'anta ya bi kaya har gonar manomin Soba ko kasuwar Giwa inda aka sayo su, ya kuma bi su gaba zuwa hannun wanda ya saya.

Na huɗu ya shafi wanda ake yi wa rahoton, wanda kuma shi ke yanke abin da ya cancanci shiga. A ce masana'anta tana sakin ruwan wanke-wanken injuna cikin kwatar da ke gangarawa rafin da ke faɗawa Galma, inda masu noman rani ke jan ruwa. Matuƙar ba a ci kamfanin tara ba, ba a kuma kai shi kotu ba, rahoton kuɗi ba zai ce uffan a kai ba. Ƙa'idojin ISSB, waɗanda aka tsara domin masu zuba jari da masu ba da rance, za su buƙaci a bayyana batun idan har zai iya taɓa kuɗin kamfanin ko damarsa ta samun jari, misali idan akwai yiwuwar hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA ko takwararta KEPA ta jihar Kaduna ta rufe wurin. Ƙa'idojin GRI kuwa, na wata ƙungiyar tsara rahoton ɗorewa ta duniya da aka kafa a 1997, suna kallon illar da ta sauka kan masu lambun da kan rafin, ko da kamfanin bai yi asarar ko kwabo ba. Dokar Tarayyar Turai ta haɗa kallon biyu, ta ce a bayyana abu idan ya yi nauyi ta kowane ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke wajen littafin kuɗi yau yana iya shigowa cikinsa gobe da ƙarfi, kuma 'yan kasuwar hatsi na Arewa sun shaida haka. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar sinadarin DDVP, irin wanda ke cikin maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Kafin wannan rana babu layin da ke nuna yadda ake adana wake a rahoton kuɗin kowane mai fitar da kaya, amma bayan ta sai ga shi ya bayyana a matsayin cinikin da ya ɓace. Masu sarrafa waken soya su ma su lura cewa dokar Turai ta 2023 kan sare dazuka ta ambaci waken soya cikin kayan da za a nemi shaidar gonar da aka noma su, duk da an jinkirta fara aiki da ita.

Matakan farko: ƙuduri, ƙa'ida da iyaka

A fara da ƙudurin daraktoci a rubuce, wanda ya ambaci wanda aka ɗora wa aikin da wanda zai sa hannu a ƙarshe. Jadawalin FRC ma ya nemi kamfanin da zai shiga tsarin ya gabatar da irin wannan ƙuduri tare da nazarin abin da yake da shi da abin da ya rasa, da tsarin aiwatarwa. Shawarata ita ce a bar ragamar a ofishin akanta, injiniyan masana'anta da jami'in kula da ma'aikata su taya shi. Kamfanoni da yawa suna miƙa wannan aiki ga sashen hulɗa da jama'a, sai a samu hotuna masu kyau da adadin da ba wanda zai iya kare shi. Akanta shi ne ya saba da cewa ba a rubuta adadi sai da takarda a bayansa, kuma garin da ke da sashen nazarin akanta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli ba zai rasa matasan da za a horar su riƙe wannan littafi ba.

Game da ƙa'idar da za a bi, kamfanin Najeriya ya ɗauki IFRS S1 da S2 a matsayin ginshiƙi tunda su FRC ta karɓa, sannan ya ara daga GRI a wuraren da maƙwabta da ma'aikata ke da hakkin jin bayani, musamman ruwa da shara da lafiyar ma'aikata. Iyakar rahoton kuma ta zama daidai da ta rahoton kuɗi, kamfani ɗaya da shekara ɗaya. Idan lissafin kuɗi ya haɗa da masana'antar Dakace da siton Sabon Gari da gonar kamfani da ke Makarfi, to dukkansu za su shiga rahoton ɗorewa, kuma ba a cire reshe don kawai adadinsa ba shi da daɗin gani.

Zaɓen abin da ya cancanci shiga

Ba a cika rahoto da duk abin da ya zo baki. A zauna a jero batutuwan da suka shafi sana'ar, sannan a fita a saurari mutanen da abin ya shafa kafin a tace. A ji ta bakin masu aiki a kan injin da 'yan dako, da manoma da dillalan da ke kawo kaya, da mai unguwa ko dagacin wurin da masana'anta take, da jami'in bankin da ke riƙe da asusun kamfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa abin da maƙwabta za su kawo, kamar ƙurar ƙaiƙayi da ke sauka a gidajensu lokacin hunturu ko tirelolin da ke toshe hanyar makaranta, bai taɓa zuwa teburin daraktoci ba. A rubuta ranar kowane zama da waɗanda suka halarta da abin da aka faɗa, domin mai tantancewa zai tambayi yadda aka yi aka zaɓi wannan aka bar wancan.

Ga masana'antar sarrafa amfanin gona a ƙasar Zazzau, abin da yawanci ke rage bayan tacewa bai wuce makamashi, ruwa, samuwar amfanin gona da ingancinsa, shara da ruwan datti, da lafiya da hakkin ma'aikata ba. Batutuwa biyar da aka auna da gaskiya sun fi amfani ga mai karatu a kan talatin da aka taɓa sama-sama.

Tattara adadi

Mafi yawan adadin da ake nema yana nan cikin takardun da akanta ke ajiyewa, sai dai ana ɗaukar nairar da ke jikinsu a bar sauran. Rasit na dizal yana ɗauke da kuɗi da lita, takardar Kaduna Electric tana ɗauke da kuɗi da kilowat, takardar awon tirela tana ɗauke da tan. Abin da za a yi shi ne a ƙara gurbi ɗaya a littafi ko a kwamfuta, ta yadda duk lokacin da aka shigar da kuɗin mai ko na wuta, za a shigar da adadinsa a gefe, kuma kada a biya takardar da ba ta nuna adadi ba. Wannan ƙaramin sauyi ya fi kowace manhaja mai tsada amfani a shekarar farko.

Dalilin da ya sa ba a dogara da naira a nan a fili yake. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, da ƙarin kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa awoyin wuta mafi yawa, a watan Afrilu na 2024, kamfani zai iya ganin kuɗin makamashinsa ya ninka alhali bai ƙara shan ko lita ɗaya ba, ko kuma ya ƙara sha da yawa tashin farashi ya rufe ɓarnar. Lita da kilowat ne kaɗai ke raba tsadar kasuwa da sakacin cikin gida.

Sai kuma a gina ɓangare na biyu da littafin ba shi da shi. A auna tankin dizal a farkon wata da ƙarshensa, a haɗa abin da ke ciki da farko da abin da aka sayo, a cire abin da ya rage, a kwatanta sakamakon da awoyin da janareta ya yi yana aiki. Idan lissafin biyu ya yi nisa da juna, ko dai akwai kuskuren rubutu, ko injin na neman gyara, ko man na bin wata hanya, kuma duk ukun abu ne da mai kamfani zai so ya sani ko da babu wani rahoto. Ruwa ya fi wuya, saboda yawancin masana'antu suna ja daga rijiyar burtsatse tasu, ba a biyan kowa, don haka ba ya bayyana a littafin kuɗi sai a matsayin wutar famfo. A sanya mita a bakin rijiyar, a riƙa karantawa kowane mako, a kuma rubuta lokacin da ruwan ya fara ja baya a watannin Maris da Afrilu, domin wannan bayanin ne zai nuna bayan wasu shekaru ko rijiyar na raguwa.

Lissafin hayaƙi ana yin sa bisa tsarin ƙirga iskar da ke ɗumama duniya da ake kira GHG Protocol, wanda IFRS S2 ta yi umarni a bi, kuma ya kasa hayaƙin gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne abin da kamfani ya ƙona da kansa a janareta da tukunyar tururi da motocinsa. Kowace lita ta dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3, don haka idan aka ce masana'anta ta sha lita 100,000 ta dizal a shekara, hayaƙinta daga nan kimanin tan 270 ne. Rukuni na biyu shi ne na wutar da aka saya, inda ake ninka kilowat da ma'aunin hayaƙin layin wutar ƙasa, wato yawan hayaƙin da ake fitarwa wajen samar da kowane kilowat, a kuma rubuta a fili inda aka samo ma'aunin da shekararsa. Masana'antar da ke ƙona ƙaiƙayin shinkafa ko itace a tukunyarta ta lura cewa iskar kabon da ke fita daga irin wannan makamashi ana bayyana ta ne daban, ba a cusa ta cikin rukuni na ɗaya. Rukuni na uku, mai kashi goma sha biyar, ya ƙunshi hayaƙin da ya faru a hannun wasu saboda kasuwancin kamfani, kamar takin zamanin da manomi ya zuba da dizal ɗin tirelar haya. Ga mai sarrafa amfanin gona wannan rukuni ne yakan fi girma, kuma shi ya fi wuyar aunawa, shi ya sa ƙa'idar ta yi rangwamen barin sa a shekarar farko, kamar yadda ta yarda a taƙaita rahoton shekarar farko kan sauyin yanayi kaɗai.

Jimla ita kaɗai ba ta isa ba, sai an raba ta da yawan aikin da aka yi. Idan waccan lita 100,000 ta sarrafa tan 5,000 na waken soya, kowane tan ya ci lita 20, kuma wannan adadin ne za a kwatanta da na badi, domin kamfanin da ya bunƙasa jimlarsa za ta ƙaru ko da ya ƙara tsimi.

Batun ma'aikata yana buƙatar tsayawa da gaskiya fiye da sauran. Takardar albashi za ta ba da adadin ma'aikatan dindindin, maza da mata, da shaidar cewa ba wanda ke ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, da shaidar biyan fansho na kashi 10 daga kamfani da kashi 8 daga ma'aikaci bisa dokar 2014, da kashi 1 na asusun NSITF na diyyar rauni a wurin aiki. Amma 'yan dakon da ke sauke buhuna da matan da ke tsince hatsi ana biyan su kullum ko a kan buhu, a littafin kuɗi layi ɗaya ne na kuɗin lodi, ba su da suna ba su da adadi, alhali su ne buhu ke faɗo wa, su ne kuma ke shaƙar ƙura. Rahoton da ya ƙirga ma'aikatan ofis ya manta da waɗannan bai faɗi halin masana'antar ba. A buɗe musu rajista, a kuma ajiye littafin rauni da za a rubuta duk wanda ya ji ciwo, da abin da ya jawo, da kwanakin da ya yi bai iya aiki ba, da wanda ya biya kuɗin asibiti.

Rubutawa da daidaitawa da littafin kuɗi

IFRS S1 da S2 sun gaji ginshiƙai huɗu daga shawarwarin da TCFD, kwamitin duniya kan bayyana haɗarin sauyin yanayi ga kuɗin kamfanoni, ya fitar a 2017, kuma a kansu ake tsara rubutun: wane ne ke sa ido a matakin daraktoci, yaya haɗari da dama suka shafi dabarun kamfani, ta wace hanya ake gano haɗari da magance shi, sannan adadi da burin da aka sa a gaba. A ɓangaren dabaru ana neman kamfani ya gwada kansa da yanayi daban-daban, kuma ƙa'idar ta yarda a yi haka gwargwadon ƙarfin kamfani. Matsakaiciyar masana'anta a Zariya, inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba, za ta iya tambayar kanta abin da zai faru da farashin kaya da yawan kwanakin aiki idan damina ta makara ko ta ɗauke da wuri shekara biyu a jere, ko idan ambaliya ta ci gonakin fadamar Galma, ko idan zafin bazara ya ƙaru har ya rage awoyin da mutum zai iya tsayawa gaban tukunya. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru da hasashen damina na shekara-shekara na hukumar NiMet wurare ne da za a nemi bayanin da za a jingina da shi.

Kafin a kai wa daraktoci, a ajiye rahotannin biyu gefe da gefe a karanta su tare, domin a nan ne ake kama mafi yawan saɓani. Litar dizal da aka bayyana, idan aka ninka ta da matsakaicin farashin shekarar, ya kamata ta kusanci kuɗin man da ke bayanin riba da asara. Idan rahoton ɗorewa ya yi alkawarin komawa sola cikin shekara uku, alhali littafin kuɗi yana rage darajar janaretoci a kan cewa za su yi shekara goma suna aiki, kuma babu kuɗin sola a kasafi, to ɗaya daga cikin rahotannin bai faɗi gaskiya ba. Haka nan idan an amsa cewa akwai wajibcin gyara wurin zubar da ruwan datti, akanta ya duba ko ya kamata a ware masa tanadi a cikin basussukan kamfani. Ƙa'idar ta nemi a yi amfani da zato iri ɗaya a rahotannin biyu gwargwadon iko, a kuma fitar da su lokaci guda.

Akwai jarabar da ya kamata a guje mata wajen rubutu, wato mayar da rahoton kundin alheran kamfani. Rabon hatsi da azumi, da rijiyar da aka haƙa wa unguwa, da gyaran ajin makarantar firamare duk ayyukan lada ne, kuma za a iya ambaton su a taƙaice tare da kuɗin da aka kashe, amma ba sa maye gurbin bayani kan ruwan da masana'anta ke sakewa ko yatsan da injin ya yanke. Idan adadin bana ya fi na bara muni, a rubuta shi yadda yake tare da dalili da abin da za a yi. A kuma guji kalamai irin su "muna kare muhalli" idan babu adadi a gefensu, a bambanta abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta, a faɗi hanyar ƙiyasin.

Tantancewa

Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, a kuma kafa shaidu, kuma duk ɗan kasuwar da ya tashi a kan wannan tarbiyya ba zai ga baƙon abu ba a neman wani na waje ya duba abin da kamfani ya faɗa game da kansa. A rahoton kuɗi odita yana ba da gamsasshen tabbaci bayan ya bi takardu ya gwada su. A rahoton ɗorewa yawanci ana farawa da taƙaitaccen tabbaci, inda mai tantancewa ke cewa bai ga abin da ke nuna akwai babban kuskure ba, sannan a hau zuwa gamsasshe yayin da tsarin tattara adadi ya ƙara ƙarfi. Hukumar IAASB, mai tsara ƙa'idojin aikin odita na duniya, ta fitar da ƙa'idar ISSA 5000 a 2024 domin wannan aiki. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni, waɗanda cinikinsu bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba kuma tsabar kadararsu ba ta wuce miliyan 60 ba, wajibcin naɗa odita, amma ko irin waɗannan za su amfana idan suka sa wani wanda ba shi ya tattara adadin ba ya ɗauki watanni biyu ko uku ya bi kowane adadi har zuwa rasit ɗinsa.

Don sauƙaƙa wannan, kowane adadi da zai shiga rahoto ya kasance da fayil ɗinsa, wanda ya ƙunshi takardun asali, da sunan wanda ya tattara da wanda ya duba, da ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen juyawa. Daga shekara ta biyu ana buƙatar a sanya adadin bara kusa da na bana, saboda haka kamfanin da wajibcin zai hau kansa a 2028 ko 2030 ya kamata ya yi aƙalla shekara ɗaya ta gwaji a cikin gida kafin nan, wadda za a fara da karanta dukkan mitoci da auna dukkan tankuna a ranar farko ta shekarar lissafi. Idan daga baya aka gano babban kuskure a adadin da aka riga aka fitar, ko aka sauya hanyar lissafi, a sake lissafa na bara da sabuwar hanyar, a nuna tsohon adadi da sabon, a kuma rubuta dalilin sauyin a ƙarƙashinsu.